Na bar soja an ba ni shugabancin ma'aikata, ga shi mutanena sun juya mini baya

Wasiƙa

Assalamu alaikum. Ni tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, shekarata 56, na yi ritaya shekara biyu da suka wuce. A bara aka naɗa ni shugaban wata ma'aikatar gwamnati ta farar hula mai harkar ƙere-ƙere. Ban cika wata uku ba aka umarce ni daga sama in rufe wani aiki da injiniyoyinmu suka shafe shekara 11 a kansa, wai babu kuɗin ci gaba. Na rubuta takarda, aka liƙa a allon sanarwa. Tun daga ranar kowa sai ya ce mini "to, yallaɓai", amma fayil ba ya motsi. Na ba mutum bakwai takardar tuhuma, abin sai ƙara lalacewa yake. Jagoran aikin da aka rufe abokina ne tun muna sakandare, yanzu ko a masallaci muka haɗu sai ya kau da kai. Abokaina na soja sun ce in nuna musu ko ni wane ne. Maiɗakina ta ce in ajiye aikin in huta. Ni kuma da dare ba na iya barci, babu abin da nake tunawa sai lokacin da nake cikin jirgi, inda na san abin da nake yi. Me zan yi?

Tsohon soja

Amsa

Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Allah ya sanyaya maka zuciya.

Ba zan bi bayan abokanka na soja ba, kuma a yanzu ba zan bi bayan uwargida ba, ko da yake na san tausayinka ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. A ganina rufe aikin ba laifinka ba ne. Inda ka yi kuskure shi ne yadda ka sanar da mutane, sannan ka ɗora takardun tuhuma a kan rauni. Wannan kuskure yana gyaruwa, amma da ƙafarka za ka je ka gyara shi, ba da wata sabuwar takarda ba.

Da na karanta wasiƙarka sai wani mutum ya faɗo mini a rai, domin ya bi kusan hanyar da ka bi, ya kuma faɗa ramin da ka faɗa. Sunansa Charles Bolden, baƙar fata ɗan Amurka, wanda aka haifa a 1946 a birnin Columbia na jihar South Carolina, a zamanin da makarantar baƙi daban ta farare daban. Da ya gama sakandare a 1964 ya so shiga kwalejin horar da hafsoshin sojan ruwa. Ka'ida ita ce sai wani ɗan majalisa ya tsaya maka, 'yan majalisar jiharsa kuwa suka ƙi. Ya rubuta wa Shugaba Lyndon Johnson wasiƙa, a ƙarshe wani ɗan majalisa daga Chicago, William Dawson, ya ba shi gurbin. Ya fito a 1968 ya shiga rundunar Marin, wato sojojin ƙundumbalar Amurka. Ya tuƙa jirgin yaƙi samfurin A-6 a yaƙin Biyetnam, ya fita kai farmaki sau fiye da 100 tsakanin 1972 da 1973. Daga baya ya zama matuƙin gwajin jirage, a 1980 kuma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauke shi ɗan sama-jannati. Sau huɗu yana tafiya sararin samaniya: 1986, 1990, 1992 da 1994, biyu a matsayin matuƙi, biyu a matsayin kwamanda. A tafiyar 1990 ce suka saki madubin hangen nesa na Hubble, wanda har yau ake cin moriyarsa. Ya koma soja, ya kai muƙamin Manjo Janar, ya yi ritaya a 2003. A watan Yulin 2009 Shugaba Obama ya ɗora shi a kan kujerar shugabancin NASA yana ɗan shekara 62.

Ka ga ai ba ƙaramin mutum ba ne, kuma ba baƙon hukumar ba ne. Duk da haka, wata shida da 'yan kwanaki bayan hawansa, ranar 1 ga Fabrairun 2010, aka fitar da kasafin kuɗi wanda ya soke shirin da ake kira Constellation, shirin mayar da Amurkawa duniyar wata. An riga an kashe masa kusan dala biliyan 9. Dubban injiniyoyi a Texas da Alabama da Florida sun ba da shekarunsu a kai. Wani kwamiti da gwamnati ta kafa a 2009 ya riga ya bayyana cewa kuɗin da ake bayarwa ba zai kai shirin ga gaci ba, saboda haka akwai hujja. Amma ma'aikata ba a zaunar da su ba, kwatsam suka ji labari kamar saukar aradu. Hukumar ta ɗauki zafi. Har Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka duniyar wata, wanda ba ya yawan magana a bainar jama'a, ya fito ya soki matakin, ya je gaban majalisa ya maimaita.

Abin da Bolden ya yi a makon nan shi nake so ka duba da kyau. Ya tsaya gaban 'yan jarida a Florida ya ce idan ana neman wanda ya sa ba a shirya ma'aikata ba kafin sanarwar, to shi ne, domin an ba shi shawarar yadda za a bi da maganar bai saurara ba. Ya kuma kwatanta abin da ma'aikatan suke ji da rasuwa a cikin gida. Bai janye hukuncin ba, domin ba shi da ikon janyewa, kuma bai fake da cewa ai daga sama aka turo ba. Janar ne mai taurari biyu, ya ɗauki nasa kason laifin a fili, bai ragu da komai ba.

Yallaɓai, mutanenka zaman makoki suke yi. Shekara 11 ba kwana 11 ba ne. A cikinsu akwai wanda ya shiga aikin nan yana saurayi, yanzu 'ya'yansa suna makaranta. Akwai wanda duk unguwarsu an san shi da cewa shi ne mai ƙera kaza, yanzu bai san abin da zai ce in an tambaye shi ba. Irin wannan labari ba a allon sanarwa ake jin sa ba, kamar yadda ba a aika wa mutum saƙon rasuwar mahaifinsa a rubuce a liƙa masa a ƙofa. Kuma ka san zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Waɗanda suka yanke hukuncin suna can nesa, ba a ganinsu. Kai ake gani kullum da safe kana fitowa daga mota, sunanka ne a ƙasan takardar.

Na fahimci abin da ya sa ka yi haka. A bariki umarni a rubuce girmamawa ne: gajere, babu kwana-kwana, kowa ya san inda ya tsaya. Amma ka tuna abin da ke ƙarƙashin wannan umarnin. Sojan da kake ba umarni ya yi rantsuwa, an horar da shi shekaru a kan biyayya, kun ci abinci ɗaya, kun kwana a fili ɗaya, ya san in wuta ta tashi kai ma kana ciki. Biyayyar da kake gani an riga an biya kuɗinta tun kafin ka buɗe baki. A ma'aikatar farar hula babu wannan ajiyar. Injiniyan da ya shekara 25 a wurin ya ga shugabanni sun zo sun tafi, ya san kai ma za ka tafi. Ba zai yi maka tawaye ba, zai ce "to, yallaɓai" ya koma ya zauna, fayil ya kwana a tebur, ya jira wa'adinka ya ƙare. Takardar tuhuma ba ta maganin wannan. Abin da take yi kawai shi ne ta koya wa sauran cewa shiru ya fi aminci.

Shirun nan kuwa shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka, fiye da fushin. Kai matuƙi ne, ka fi ni sanin cewa makanikin da yake tsoron ce maka "jirgin nan ba zai tashi yau ba" shi ne zai kashe ka. Bolden ya ga wannan da idonsa. Ya sauka daga tafiyarsa ta farko ranar 18 ga Janairun 1986. Kwana goma bayan nan, ranar 28 ga wata, kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum bakwai suka mutu. A cikinsu akwai Ronald McNair, ɗan jiharsu, wanda shi ne ya zaburar da Bolden ya nemi aikin sama-jannati lokacin da yake ganin ba za a ɗauke shi ba. Bincike ya nuna cewa a daren jajibiri injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin gefe sun yi gargaɗi cewa robar da ke toshe mahaɗar rokar ba za ta riƙe ba a irin sanyin da ake yi. Aka yi musu rinjaye, aka tashi. Bayan hatsarin Bolden na cikin waɗanda aka ɗora wa kula da sashen kiyaye haɗari a cibiyar 'yan sama-jannati da ke Houston. A ma'aikatar ƙere-ƙere, mutumin da zai dube ka ya ce "Yallaɓai, wannan ba daidai ba ne" ya fi maka goma masu rusunawa. Ina jin cikin bakwai ɗin nan da ka tuhuma akwai irinsa.

Don haka ka fara da takardun. Ka zauna ka dube su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi laifi na gaske, kamar sata ko rashin zuwa aiki ba dalili, a bar ka'ida ta yi aikinta. Wanda laifinsa ɓacin rai ne da jan ƙafa bayan sanarwar, ka janye tasa, kuma ka kira shi ka faɗa masa da bakinka.

Sannan ka je wurin aikin da aka rufe. Kada ka kira su ɗakin taro su zauna a jere kai kana bisa. Ka taka har inda injinan suke, ba dogari, ba mai riƙe maka jaka. Ka ce su nuna maka abin da suka gina, ka yi tambaya irin ta wanda ya san ƙarfe, domin ka sani. Bayan nan ka faɗa musu abu uku a fili: cewa umarnin rufewa ba ka da ikon janye shi, cewa yadda ka sanar da su kuskure ne kuma naka ne, da cewa ba ka yi musu alkawarin abin da ba ya hannunka. Daga nan ka yi shiru ka saurara. Za ka ji maganganu masu ɗaci, wata ma ba gaskiya ba ce. Ka haɗiye. Babba juji ne, kuma ranar ba ranar kare kai ba ce.

Akwai wani jarabi da zai zo maka a wurin, wato ka sayi soyayyarsu ta hanyar zagin na sama: "Ni ma ban so ba, su ne ba su san komai ba." Ka guje shi. Da daddare maganar za ta isa inda ba ka so, kuma su kansu ma'aikatan za su gane cewa shugabansu mai fuska biyu ne. Bakin shugaban hukuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Bolden ya ɗanɗana wannan a 2010, lokacin da ya yi hira da tashar Aljazeera ya ce cikin ayyukan da Obama ya ɗora masa har da kusantar ƙasashen Musulmi, a tuna musu da gudummawarsu ga kimiyya da lissafi. Mu a nan maganar ta yi mana daɗi, kuma akwai gaskiyar tarihi a cikinta. Amma a Amurka ta zama abin cece-kuce na makonni, har kakakin fadar shugaban ƙasa ya fito ya ce wannan ba aikin NASA ba ne. Magana zarar bunu ce. Wanda ya saba da bariki, inda zance ke tsayawa a cikin shinge, sai ya koyi wannan daga farko.

Abin da zai fi dawo maka da mutanenka, fiye da kowace kalma, shi ne su ga kana fafutukar ceto abin da zai cetu. An soke Constellation, amma ba duka ya mutu ba. Bayan ja-in-ja da majalisa, dokar da aka sa wa hannu a watan Oktoban 2010 ta bar kumbon Orion, wanda wani ɓangare ne na shirin Constellation, da rai, ta kuma umarci a gina sabuwar babbar roka. Orion ya yi tashin gwaji a Disamban 2014 Bolden yana kan kujera, a Nuwamban 2022 kuma ya tafi ya zagayo duniyar wata, ya dawo a Disamba. Aikin shekara 11 ba ya rasa abin ɗauka: zane-zane, injina, sakamakon gwaji, da hannayen da suka ƙware. Ka sa su da kansu su rubuta maka abin da bai kamata ya salwanta ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ɗauki takardar ka kai sama da kanka, ka yi ta komawa har a gaji da ganinka. Ka kuma sa a jera maka sunan kowane ma'aikaci na wannan aiki, a gaban kowane suna a rubuta inda zai koma. Mutumin da ya san teburinsa na wata mai zuwa yana iya yafe abu da yawa.

Ka kuma nemi malami a cikin gidan. Kowace ma'aikata tana da wani dattijo a sashen mulki ko na kuɗi wanda ya san dokokin aikin gwamnati kamar tafin hannunsa, ya san ofishin da fayil ke maƙalewa da dalilin maƙalewarsa. Ka kira shi, ka ce masa kai sabo ne a wannan fage, ya koya maka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka taɓa zama ɗalibi a kujerar baya ta jirgin horo, wani yana gyara maka hannu.

Game da abokinka. Wannan ba maganar ofis ba ce, kada ka kira shi ofis. Ka je gidansa bayan sallar isha'i, kai kaɗai, da kayan gida. Ina kyautata zaton ba rufe aikin ne ya fi yi masa ciwo ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a allo ya karanta, tare da masinja da direba, alhali kana da lambar wayarsa shekara 40. Yaransa na aiki sun dube shi suna tambaya ko ya sani, ya ce bai sani ba, ko kuma suka ɗauka ya sani ya ɓoye musu. Ka kunyata shi a gaban mutanensa ba tare da ka nufa ba. Ka faɗa masa haka, ka nemi afuwa, kada ka haɗa da "amma". In bai sake ba a daren farko, ka koma. Akwai abin da Bolden ya sha ba da labari game da kansa: da aka ce masa zai jagoranci tafiyar 1994 da ɗan Rasha a ciki, sai ya ƙi, ya ce shi sojan da aka horar ya yaƙi mutanen nan ne. Aka roƙe shi ya ci abincin dare da su tukuna. A zaman nan suka yi hirar 'ya'yansu da abin da suke fata gare su, ya tashi ya sauya ra'ayi. Ya tafi da Sergei Krikalev, ɗan Rasha na farko da ya hau kumbon Amurka samfurin Space Shuttle, suka zama aminai. Waɗannan abokan gaba ne na shekaru. Kai da mutuminka kun raba kwanon abinci a makaranta.

Kewar jirgi da kake yi ba rauni ba ne, kuma ba alamar cewa ka yi kuskuren karɓar aikin ba ce. A sama komai yana da ma'auni, ka ja nan jirgi ya amsa nan take. A kujerar shugabanci sai ka shuka yau, wani ya girbe bayan ka tafi. A hannun Bolden aka yi jana'izar kumbunan Space Shuttle, irin waɗanda ya tuƙa, a Yulin 2011, bayan tashi 135 cikin shekara 30, hukuncin da aka yanke tun 2004 kafin ya zo. Dubban ma'aikata suka rasa aiki a Florida. Amurka ta koma sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, ana ta yi masa gori. A Satumban 2014 hukumarsa ta ba kamfanonin Boeing da SpaceX kwangilar ƙera kumbon ɗaukar mutane. Ya sauka a Janairun 2017 bai ga ko ɗaya ya ɗauki mutum ba. Sai ranar 30 ga Mayun 2020 kumbon SpaceX ya tashi daga Florida da 'yan sama-jannati biyu, wani ne a kan kujerar, wani aka tafa wa. Ka shirya wa irin wannan tun yanzu. Ka samu wanda za ka riƙa yi wa maganar kewar nan, ko uwargida ko wani tsohon abokin tashi. In rashin barcin ya wuce makonni yana ci gaba, ka ga likita, a duba har hawan jini. Shekara 56 ba lokacin wasa da wannan ba ne.

Maganar murabus kuwa, ban rufe ƙofarta ba. In aka matsa maka ka sa hannu a kan ƙarya, ko ka ɓoye wani haɗari da zai taɓa rayukan mutane, ko likita ya ce jikinka ba zai ɗauka ba, to ka ajiye, kuma ka tafi da mutuncinka. Amma ka tafi yanzu, ma'aikata suna cikin ɗimuwa, mutum bakwai da tuhuma a fayil ɗinsu, babu wanda ya san makomarsa, wannan barin mutane ne a tsakiyar kogi, kuma na tabbata ba ka taɓa yi wa na ƙasa da kai haka ba lokacin da kake sanye da kaki. Ka ba kanka wata shida kana yin abubuwan nan. Ka yi istihara. Ka zauna da uwargida ka gaya mata wa'adin da ka ɗiba, domin ta san ba watsi ka yi da maganarta ba, kuma ita ce za ta fi kowa ganin ko kana samun sauƙi.

Gidan abokinka za ka fara zuwa, kafin taron ma'aikata, domin kada ya sake jin wani abu daga bakinka a cikin taro. In da hali ka je a daren Juma'ar nan. Ka rubuto mini bayan wata ɗaya in ji yadda kuka yi. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka.